San Uwani da Masu Lissafi Uku

Kai, ya isa haka nan! Tun da aka idar da la'asar kuke cika mini kunne. Wannan ya ce lissafi ya mutu tun ranar da aka ajiye bulala a makaranta, wancan ya ce mutanen da can ba su iya komai ba sai rera biyu sau biyu kamar masu waƙar daka. Kaina har ya fara sarawa. Kai mai jar hula, zauna, ihu ba hujja ba ne. Tunda gardama kuke ji, bari in ba ku wadda ke da dalili, in na gama ku cinye junanku.

A wani ƙauye da ake kira Gidan Kanya akwai wata mata, Uwani. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona da san huɗa guda ɗaya tak. Duk damina takan haɗa shi da na maƙwabcinta, a huɗe gonarsa, a huɗe tata. In san nan ya mutu babu mai ara mata shanu biyu a tsakiyar aiki, gonar ciyawa za ta cinye ta, yara kuma su kalli rumbu wayam. To, ruwan shuka ya sauka da kwana biyu sai sa ya kwanta. Ya ƙi ci, ya daina tuƙa, hanci ya bushe, sai nishi. Malamin dabbobi yana hayin rafi, rafin kuwa ya kawo har ya shanye gada.

Uwani ta ruga gidan Baba Nomau, don wayar jikarsa ce kaɗai ke da sauran numfashi a unguwar, injin mai caji ya kwana uku a lalace. Gidan nan kuwa, Allah ya sawwaƙe. Baba Nomau ya yi elemantare aji huɗu tun zamanin inci da yadi, har gobe yana cewa duk wanda bai sha bulala a kan tara sau tara ba bai yi boko ba. Ɗansa Hashimu mai injin niƙa ya gama sakandare, a wurinsa lissafi ya fara a zamaninsu ya kuma ƙare a zamaninsu. Jikar, Bara'atu 'yar Hashimu, tana ajin ƙarshe na sakandare, ita kuma gani take dukansu biyu hadda suka yi ba su san ma'anar abin da suka haddace ba. Kullum a kan tuwon dare sai an yi wannan faɗan, har maƙwabta sun daina leƙowa.

Aka samu malamin dabbobi a waya. Ya ji alamomin, ya ce, "Kwalbar da na bar miki wancan zuwan tana nan? To ita ce maganinsa. Layi ɗaya na sirinji ga kowane kilo ashirin da biyar na nauyinsa. In kuka rage ba zai yi aiki ba, in kuka zarce da yawa ku kuka kashe shi da hannunku. Kada ku bari ya kai magariba." Uwani ta buɗe baki za ta tambaye shi yadda ake sanin nauyin sa, waya ta yi ɗif.

Aka ɗunguma gidan Uwani wurin san. Sikeli babu, in ma akwai, wa zai ɗaga sa ya ɗora? Ku kuna tsammani ganin dabba a kwance zai sa mutanen nan su saki gardama? Ina! Baba Nomau ya dubi jikarsa ya ce, "To amarya, ga ranarki, danna mana mu gani. Au, na manta, ƙwaƙwalwar taki caji ya ƙare mata." Ta ce, "Kai kuma angon, rera masa tara sau tara ko zai miƙe." Hashimu ya ce su biyun duk su yi masa shiru. Haka suka tsaya a kan san mutane rana tana karkata, Uwani tana riƙe da igiya tana hawaye. Sai da ta daka musu tsawa, ta ce, "Don girman Allah, Baba, abincin marayu ne ke mutuwa a gabanku!" sannan kunya ta kama su.

Bara'atu ce ta fara. Ta ce a darasin noma an koya musu cewa ana iya sanin nauyin saniya ba tare da sikeli ba. A auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, a auna tsawo daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, duka da inci. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da ɗari uku. Kakanta ya shekara saba'in cikin shanu bai taɓa jin wannan ba, ubanta ma haka. Amma da aka ce to bismilla, yarinya ta tsaya tana kallon baƙar waya. Na rantse muku, bakwai sau tara sai da ta fara lanƙwasa yatsu.

Abin awo kuma babu, don telan ƙauyen ya tafi kasuwa da tef ɗinsa a wuya, rafi ya tare shi a can. Nan Baba Nomau ya gyara tsayuwa. Ya ce malaminsu na elemantare ya koya musu kowa ya san awon jikinsa, shi kuma tun da ya zama saurayi ya auna ya riƙe: taƙinsa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ya ware, inci tara ne cif. Ya zagaya ƙirjin sa da igiya, ya bi ta da hannu, taƙi bakwai. Ya auna tsawo, taƙi shida. Bai ko numfasa ba ya rera, bakwai sau tara sittin da uku, shida sau tara hamsin da huɗu. Sai jikar ta ce saura sittin da uku sau sittin da uku. Tsoho ya yi tari ya dubi sama. Waƙar tasu a sha biyu sau sha biyu ta tsaya.

Hashimu ya karyi kara, ya share ƙasa da tafin hannu, ya durƙusa. Ya jera lambobi, yana ajiye wannan yana ɗaukar wancan yana gunaguni, kamar yadda aka horar da su lokacin da shiga jarrabawa da kalkuleta laifi ne. Ya ninka, ya sake ninkawa, ya raba da ɗari uku, ko sau ɗaya bai goge ba. Ya ce ɗari bakwai da goma sha huɗu. Ya raba da ashirin da biyar, ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce a zuƙo layi ashirin da takwas.

Har an tsoma allura a kwalba Baba Nomau ya riƙe hannun ɗansa. Ya ce, "Kai Hashimu, kana da hankali kuwa? Buhun masara kilo ɗari ne. Wannan san ne buhu bakwai? Shekara arba'in ina ɗora buhu a amalanke. In ya wuce buhu uku da 'yan kai, a canza mini suna." Hashimu ya ce shi dai lissafinsa babu kuskure, kowa ya zo ya duba. Kuma gaskiyarsa, babu kuskure ko ɗaya, abin haushin ke nan. Suka sake kaurewa. Bara'atu ce ta dafe kai ta ce wa ubanta, "Wayyo, Baba, tsaya! Amsar da laba take fitowa, ba da kilo ba. Kilo ɗaya laba biyu ne da ɗigo biyu." Tsoho ya san laba tun yana yaro amma bai taɓa sanin yadda take da kilo ba. Hashimu ya sake durƙusawa, ya yi rabawa mai ɗigo wadda su biyun ko kusa ba za su iya ba. Kilo ɗari uku da ashirin da biyar, saura kaɗan. Layi goma sha uku.

Aka yi wa sa allura rana tana gab da faɗuwa. Washegari da hantsi ya ɗaga kai ya ja ciyawa. Kwana na huɗu ya miƙe, kafin mako ya zagayo yana gaban garma, aka huɗe gonar Uwani ba ta makara ba.

Kada ku ce sun daidaita. Faɗan ma sai ya ƙaru. Tsoho ya ce ba don hannunsa da idonsa ba da an yi wa sa allurar mutuwa. Hashimu ya ce su biyun da sun kwana a wurin suna kallon sittin da uku. Bara'atu ta ce in ba ta faɗi abin da za a auna ba, me za a auna, me za a ninka?

Ana cikin haka Uwani ta yi sallama ta shigo da ƙwaryar fura. Ta yi godiya, sannan ta ce ba godiya kaɗai ta kawo ta ba. Ta ce, "Ranar nan na tsaya riƙe da igiya kamar turke, ana cinikin ran sana da yaren da ba na ji. Da an zuƙo ashirin da takwas ɗin nan, ni da kaina zan riƙe masa kai a soka, ina ta sa muku albarka. Shekarata arba'in da biyar, ban taɓa shiga aji ba, kuma wallahi hakan ba zai sake faruwa da ni ba. In an gama girbi ina da rani guda. Ɗayanku zai koya mini lissafi. Ɗaya na ce, don na ga abin da ke faruwa in kun haɗu."

To ga ta nan a tsaye tana jira. In ta bi tsoho, za ta san awo da hannunta, idonta zai gane amsar banza tun daga nesa, amma iliminta zai tsaya inda nasa ya tsaya. In ta bi Hashimu, babu lambar da za ta gagare ta ko a kan rairayi, sai dai za ta iya kashe san huɗarta da lissafi mai kyau. In ta bi yarinyar, za ta san hanya da dalili, ranar da caji ya ƙare kuma ta koma ƙirga yatsu.

Ku da kuka hana ni sakat tun la'asar, kowa ya san zamanin da ya fi, ga mace da marayu huɗu da rani ɗaya tak. Ƙofar wa za ku nuna mata?