Riga Mai Lamba Tara

A Harra ta Yamma, cikin birnin Madina, akwai wani dattijo mai suna Sharfuddeen. Kakanninsa daga Kano suka zo aikin hajji suka zauna, shi kuwa a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardunsa. Ba ya rowa, ba ya wasa da salla, amma Allah ya jarrabe shi da son yabo. Kai, mutumin nan ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya karkato da hira zuwa ƙwallon da ya ci shekara arba'in da suka wuce.

Ga asalin maganar. Yana saurayi ya yi karatu a wata 'yar kwalejin koyon sana'a da ke bayan unguwar Anbariyya, wadda ɗalibanta ba su kai ɗari biyu ba. 'Yan wasanta goma sha uku ne cif, ragarsu duk ɗinkin igiya ce. Amma a wata shekara suka bi manyan makarantu ɗaya bayan ɗaya suna lallasawa, har suka kai wasan ƙarshe. Saura kwana biyu a buga, Sharfuddeen ya gurɗe a ƙafa. A gidansu kuwa akwai Bakri, ɗan kawunsa da ya zo daga Sudan. Ba ɗalibi ba ne, sai dai kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Aka sa masa riga mai lamba tara, aka ba shi katin Sharfuddeen, ya shiga fili ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba su kofi. Sunan Sharfuddeen aka rubuta. 'Yan wasan suka yi alkawarin kama bakinsu, domin in maganar ta fita za a ƙwace kofin.

Tun Sharfuddeen yana faɗin labarin da ɗar-ɗar, har ya koma faɗinsa da bugun ƙirji. Kofin ma a ɗakin baƙinsa ya ƙare. Bakri ya zama mai gyaran famfo a unguwar Azizya, bai taɓa cewa uffan ba, amma shirun nan nasa shi ya fi ƙona wa Sharfuddeen rai. Ya tsane shi. Ya daina gayyatarsa suna da biki, in an ambace shi sai ya ja tsaki ya ce, “Rabu da mahassadi.”

Sharfuddeen yana da ɗa ɗaya namiji, Yazid, wanda ya zama malamin motsa jiki saboda labarin ƙwallon mahaifinsa. Kamar yawancin samarin da aka haifa a nan, ko da Hausa aka yi masa magana da Larabci yake amsawa. Uban ya sha yin mita yana cewa, “Hausa dai ta mutu a gidana. Wannan ko zaginsa ka yi, murmushi zai yi maka.”

Da shekara arba'in ta cika da cin kofin, Yazid ya kama gidan shaƙatawa a Azizya, ya tara tsofaffin 'yan wasan da iyalansu bayan la'asar domin a karrama mahaifinsa. Kwalejin ma an daɗe da rufe ta. Ya gayyaci Bakri saboda zumunci, ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Sharfuddeen yana ganin Bakri ya shigo yana dogara sanda, ransa ya ɓaci. Bakri ya ja shi gefe, kusa da inda Yazid yake zuba wa baƙi gahawa, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

“Sharfu, ciwon suga ya cinye ƙafar nan. Mako mai zuwa za a yanke ta. Makaranta ta mutu, ba mai ƙwace kofi yanzu. Ga jikokina can zaune. Ka ambaci sunana sau ɗaya kawai, su san ƙafar kakansu ta taɓa yin wani abu.”

“Daman abin da ya kawo ka ke nan?” in ji Sharfuddeen. “Ka zo ka kunyata ni a taron ɗana?”

“Ban nemi kofi ba. Suna kawai.”

Sharfuddeen ya dubi Yazid ya ga yana ta zuba gahawarsa, sai ya saki baki. “To, kai ka ci ƙwallon, sai me? Da katin wa ka shiga? Da rigar wa? Ba don ni ba, ko ƙofar filin wa zai bar ka ka leƙa, baƙo da kai? Ka je a yanke ƙafar, in an ga dama a haɗa da ɗayar. Sunana ne a takarda, kuma haka zai zauna har a tashi duniya!”

Sai aka ajiye butar gahawa a kan tebur, ƙwas. Yazid ya juyo, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya buɗe baki da wata Hausa mai nauyi, wadda uban bai taɓa ji a bakinsa ba.

“Baba, ba na iya mayarwa ne kawai. Amma ina ji. Tun ina yaro ina jin komai.”

Yazid ya miƙa wa mahaifinsa abin magana ya ce, “Ga mutane suna jira. Ka faɗa da bakinka, ya fi mini sauƙi.”

Ko a nan da ya sauke girman kai, da an rufa masa asiri. Ina! Ya karɓa ya fara zuba tsohon labarinsa, yadda ya yanke mutum uku ya narka ta a raga. Bai kai ƙarshe ba Isah, tsohon mai tsaron ragarsu, ya miƙe ya ce, “Sharfu, ji tsoron Allah. Ranar nan a benci kake, ƙafarka a naɗe da tsumma.” Sauran tsofaffin suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙaryata shi.

Yazid ya ɗauki kofin, wanda aka kawo wajen taron, daga kan tebur, ya ratsa taron, ya durƙusa ya ɗora shi a cinyar Bakri. Ya ce, “Baffa, ka yafe mana.” Bakri ya rungume kofin yana kuka, jikokinsa suka kewaye shi.

Ranar da aka yanke ƙafar, Yazid ne ya kai Bakri asibiti. Har yau yana zuwa gaida mahaifinsa kowace Juma'a, ya sumbaci kansa, ya tambayi lafiyarsa da Hausa. Sharfuddeen ya shekara talatin yana burin jin Hausa a bakin ɗansa, ga shi ya samu. Amma duk kalmar da Yazid ya furta, tuna masa take yi da abin da yaron ya ji a ranar nan, kuma bai sake ce masa “Baba, ba ni labarin ƙwallon nan” ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yabon da ba naka ba amana ce a hannunka, kuma duk daɗewa mai shi zai buƙaci abinsa. In ka samu damar mayarwa cikin mutunci, ka mayar tun ba a karɓe ta ƙarfi ba. Wanda ya wulaƙanta ɗan'uwansa don kare sunan ƙarya, sunan zai tafi, ya kuma tafi da girman da 'ya'yansa suke ba shi.