Gudumar Baban Afiniki

Akwai wata ɗalibar jami'a, sunanta Afiniki, tana karatun duwatsu da abin da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan karatu ba a gama shi a cikin aji. A shekara ta uku akan kwashi ɗalibai zuwa daji na mako biyu, a ba kowane mutum biyu tudu guda, su taka shi da ƙafa, su fasa duwatsunsa, su zana taswirarsa. Wanda aka ƙi taswirarsa, sai ya jira wata shekara.

Afiniki kuwa ba ta da shekarar zubarwa. Babanta tsohon mai haƙar kuza ne, idanunsa sun fara dushewa, roƙonsa ga Allah shi ne ya ga ranar gama karatunta da idonsa. Da za ta tafi, ya ɗauko gudumar da ya yi shekara talatin yana aiki da ita, ƙotar ta yi sulɓi saboda gumin hannunsa. Ya ce, "Ga ta, 'yata. Kada ki bar mini ita a daji."

Sai ta ɗaura mata igiya, ta rataye ta a ƙirji. Ko abinci za ta ci ba ta sauke ta, har 'yan ajinsu suka riƙa tambayarta lafiyar jaririya.

Kowane ɗalibi an ba shi kamfas, wani ɗan abu mai allura da ke nuna arewa. Da shi ake auna inda kowace jijiyar dutse ta dosa, a rubuta, a zana. Malaminsu, Malam Dogara, ya faɗa tun ranar farko cewa ƙarfe yana jan allura, a nisantar da shi lokacin awo. Amma ranar farko ana faɗin abubuwa da yawa. Kuma a wurin Afiniki abin da ke ƙirjinta ba ƙarfe ba ne, gudumar Baba ce.

Ta yi aiki tsakani da Allah. Babu dutsen da ta tsallake, babu ranar da ta nemi inuwa. Abokin aikinta Tanimu, mutum mai wasa da cin gyaɗa, ya ce mata sau biyu awonsa da nata ba sa zuwa ɗaya. Ta ce kamfas ɗinsa ne ya lalace. Ita ce ta ɗaya a aji, shi kuwa ana neman sunansa can ƙasa, sai suka bi nata.

A rana ta goma sha ɗaya Malam Dogara ya zo duba su. A taswirar Afiniki, wata farar jijiyar dutse ta haye rafi ta ɓullo a gindin tsamiya. Da suka tsaya a bakin rafin, ga jijiyar can nesa, ba ruwanta da tsamiya. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce ta auna yana kallo. Ta sunkuya, ta auna, ta faɗi abin da ta gani.

Ya ce, "Ba ni gudumar. Ki bar idonki a kan allura."

Ya karɓa, ya yi taku goma. Tana kallo allura ta sulale a hankali, ta koma inda ya kamata ta tsaya tun farko. Kunya ta rufe Afiniki, don Tanimu yana tsaye a gefe, ya ma daina tauna gyaɗarsa.

Ta roƙi Malam ya bari ta zauna ta rage ɗan abin da ya ƙaru a kowane awo. Ya girgiza kai ya ce, "Jiya gudumar tana damanki, shekaranjiya tana hagu. Wa ya san yadda ta ja ki a kowane wuri? Wannan ba ya gyaruwa daga zaune. Sai kin koma."

Kwana uku suka rage. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta nemi gafarar Tanimu, suka koma dutsen farko. A kowane wuri takan fasa dutse da gudumar, ta ajiye ta a ƙasa can nesa, ta juya mata baya ta yi awo, sa'an nan ta dawo ta ɗauka. Juya bayan nan ya fi hawan tudun yi mata wuya. Ba su gama ba, rabin tudun da ɗan ɗoriya suka iya.

Malam Dogara ya daɗe yana duban sabuwar taswirar. Ya ce rabin nan zai iya miƙa shi ga mai haƙa rijiya ba da fargaba ba, waccan cikakkiyar kuwa da ta sa mutane sun haƙa a banza. Ya karɓa. Afiniki ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta wuce, ta kuma mayar wa Baba gudumarsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Allurar ita ce lamirin da Allah ya sa a cikin kowannenmu. Ku lura, allurar Afiniki ba ta lalace ba, gudumar kuma ba mugun abu ba ce. Kyautar uba ce, kayan aiki ne. Laifin kawai, ta yi kusa da allura lokacin awo.

Haka muke. Ɗanka ya yi faɗa da ɗan maƙwabci, ka saurara, ka yanke hukunci, zuciyarka fes. Za a zaɓi dattijon ikkilisiya, sai ka ga ɗan garinku ne kaɗai ya cancanta, har ka ce ka yi addu'a a kai. Ba ƙarya kake yi ba, abin da ka gani ka faɗa. Amma abin da kake ƙauna yana rataye a ƙirjinka, yana jan allura. Idan wani ɗan'uwa da ka rena ya ce awonsa ya bambanta da naka, kada ka yi saurin cewa nasa ne ya lalace.

Ubangiji bai ce ka jefar da gudumarka ba. Cewa ya yi ka ba shi ya riƙe maka, ka sake dubawa. In ka ga allura ta motsa, to, akwai mutanen da ka yi wa awo a karkace, kuma ka san sunayensu. Wannan ba ya gyaruwa daga zaune a kan bencin coci. Sai ka koma.