Rigar da Oga Ya Ƙi Sawa

Tun da muka yi sadakar arba'in ta mahaifiyata, Inna Tabawa, labarin nan ne kaɗai ke iya sa ni dariya.

Wata shekara ta saro dila guda ta rigunan mata, saƙar auduga mai laushi, kuma duk jarinta yana ciki. A boda wani jami'in kwastan ya zaro ɗaya mai ruwan hoda, ya jujjuya ta.

"Iya, takardarki ta ce na mata ne, amma maɓallan suna ɓarin maza. A littafina rigar namiji ce. Kin yi ƙarya, kaya sun zama na gwamnati."

"Yallaɓai, har da furen nan na wuya?"

"Littafi bai san fure ba. Ki kawo shaida kafin la'asar. Amma ban yarda da takarda ba, ban yarda da ɗan kasuwa ba, ban yarda da mace ba."

Inna ta ce, "To, tunda ta maza ce, ka saka ta, ka taka zuwa bakin tasha ka dawo. In ka yi haka, na bar maka dilar."

Direbobi suka matso suna ƙyaƙyatawa. "Saka mana, Oga! Wallahi za ta karɓe ka!"

Jami'in ya daka tsawa. "Ni? Da girmana zan sa rigar mata?"

"Madalla. Ga shaidata nan: ba takarda ba ce, ba ɗan kasuwa ba, ba kuma mace ba. Buga hatimi, Yallaɓai."

Ya buga, bai ɗago kai ba.

Rigar nan ba ta taɓa sayar da ita ba. Tana nan rataye a ƙusar ɗakinta, da sauran ƙamshin turarenta.