Mai Makulli da Albasar Abdulsamad

Akwai wani matashi manomin rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Lukmanu. Ba rago ba ne, wannan kam ba zan ɗora masa ba. Tumatirinsa na cikin waɗanda dillalai ke fara tambaya. Matsalarsa guda ce, idan ya san abu to sai kowa ya san ya sani.

Gonarsa na jikin kanal. Daga ƙasa da ita kuma gonar albasar amininsa Abdulsamad ce, jinga ɗaya ta raba su. Tare suka tashi, tare suka yi firamare. Lukmanu ya wuce har ya yi difloma a birni, shi kuwa Abdulsamad rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi bakin ruwa tun yana aji uku na sakandare. Gonar ma ba tasa ba ce. Kawunsa ne ya ba shi aro, ya kuma faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa idan bai iya riƙewa ba akwai masu jira.

Lukmanu ne ya koya wa Abdulsamad wani gem na waya, irin wanda ake bugawa da mutanen duniya ta intanet, mai takubba da dodanni da tsoffin birane. Da Turanci yake, don haka samarin yankin suka buɗe guruf a WhatsApp, suka raɗa wa kowa da komai na ciki sunan Hausa. Lukmanu ne admin, shi ne kuma tafinta. Duk tsohuwar takardar da aka tsinta a cikin gem ɗin, shi ake turo wa ya fassara. Wannan ƙaramin muƙami ya hau masa kai sosai.

A tarihin gem ɗin akwai wani gari, Birnin Azurfa, wanda ruwa ya cinye rabinsa. Dam ne a saman garin, mai gadinsa kuma wani jarumi da yaran suke kira Mai Makulli. Wata rana ya buɗe ƙofar dam ɗin, ruwa ya shafe unguwannin ƙasa, shi kuma ya ɓace. Masu gem ɗin ba su taɓa faɗin dalili ba. To a nan gardama ta samo asali. Cin amana ya yi, ko ceton garin ya yi?

Lukmanu ya tsaya kai da fata cewa maci amana ne. Yana da takardu bakwai da ya fassara, yana kawo su ɗaya bayan ɗaya kamar lauya. Kusan kowa a guruf ya bi shi, don ba wanda ke son a kunyata shi da Turanci.

Wata ranar Talata da hantsi, Abdulsamad ya turo saƙon murya daga gona, ana jin kukan injin ban-ruwa a bayansa.

"Ni fa ban iya karanta takardun nan ba," in ji shi. "Amma a cikin gem ɗin na je jikin bangon dam ɗin na tsaya na duba. Akwai shatin ruwa a sama, ya kusa kai baki. Duk wanda ya san ruwa ya san idan ya kai nan, ko ka buɗe masa ko ya buɗe wa kansa. Da ya fasa, garin gaba ɗaya zai tafi. Ni ina ganin bawan Allahn nan rabi ya bayar don rabi ya tsira."

Mutum uku suka ce wallahi maganar nan akwai hankali. Na huɗu ya rubuta, "Admin, yau fa an kawo maka wuta."

Wasa ne, amma Lukmanu bai ɗauke shi wasa ba. Kwana huɗu ana abu ɗaya. Yana turo takarda, Abdulsamad na cewa shi dai shatin ruwa ya gani. A rana ta biyar Lukmanu ya yanko wurin da Abdulsamad ya kasa furta sunan wani dodo da Turanci, ya maimaita shi sau biyar a jere, ya saka a guruf. Aka yi ta dariya. Sannan ya rubuta a ƙasa, "Wanda bai gama aji uku ba shi zai koya mana tarihi. Malam, ka tsaya a kan albasa."

Abdulsamad ya amsa da layi ɗaya. "Lukmanu, ka fi kowa sanin abin da ya hana ni gamawa."

Nan ne ya kamata mutum ya ji kunya ya ce a yi haƙuri. Lukmanu ya ji kunyar kuwa, sai dai maimakon ya sauko, sai ya huce a kan wanda ya sa shi jin ta. Ya cire Abdulsamad daga guruf, ya toshe shi a WhatsApp, ya shiga cikin lambobin waya ya toshe layinsa ma. Abota ta shekara ashirin da wani abu, a kan mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Mako biyu suna haɗuwa a bakin jinga. Abdulsamad zai ce, "Barka da aiki," Lukmanu zai ɗaga fartanya kawai ba tare da ya juyo ba.

Lokacin tumatirin Lukmanu ya cika da fure, ya fara ɗaurin 'ya'ya. Ita kuwa albasar Abdulsamad ta ƙosa, ganyenta ya fara kwanciya, ya yanke mata ruwa kwana goma don ta bushe a cire. Duk ɗan yankin nan ya san abu biyu. Tumatir mai fure ba ya jure kwana cikin ruwa, albasar da aka yanke wa ruwa kuma idan ta sake sha ruɓewa za ta yi.

Ranar kasuwar Bunkure gonaki suka zama wayam. Lukmanu ya tafi Kura, ya zauna a shagon cajin waya inda sabis ya fi ƙarfi, yana ta buga gardama da wasu 'yan wata ƙasa a kan Mai Makulli. A daidai lokacin ciyawar kacala ta taru ta toshe kanal a kusa da gonarsa. Ruwa ya rasa hanya, ya hau baki, ya kwararo cikin tumatirin.

Abdulsamad kaɗai ne a wurin. Ya kira Lukmanu sau tara, wayar ba ta shiga. Ya tura saƙon murya, bai tafi ba. Ya shiga kanal ya yi ta jan kacala har ya samu ruwan ya koma hanyarsa, amma wanda ya riga ya shiga gonar ya kwanta, ya kai gwiwa, ba shi da mafita. Hanya ɗaya ce ruwan zai bi ya fita, ita ce ta cikin albasarsa.

Ban san minti nawa ya yi a tsaye a kan jingar nan ba. Na dai san ya ɗaga shebur ya fasa ta.

Sai bayan la'asar Lukmanu ya iso, tare da 'yan kasuwa masu dawowa. Ruwa ya riga ya janye. Abin da ya gani shi ne jinga a fashe, fangali biyu na tumatirinsa na ƙasa ruwa ya tumɓuke su wajen fita, ga Abdulsamad zaune da shebur, laka har wuya.

"Kai ka fasa min jinga?"

"Ni ne. Zauna in faɗa maka."

"Ba abin da za ka faɗa min! Ramuwa ce, don na cire ka daga guruf. Ashe shi ya sa kake kare maci amana, halinku ɗaya!"

"Na kira ka, Lukmanu. Sau tara."

Lukmanu ya zaro waya ya ɗaga ta sama, yana juyawa kowa ya gani. "Jama'a, ku duba. Ina kiran? Ko ɗaya babu. Ga ɓarna ga ƙarya."

Wallahi a lokacin ya manta cewa da hannunsa ya toshe layin. Fushi ya rufe masa ido har bai ko kalli gonar da ke ƙasa ba, wadda ta koma tabki. Ya ɗauki hoton jingar da na Abdulsamad cikin laka, ya tura guruf, ya rubuta, "Ga Mai Makullin garinmu."

Abdulsamad ya daɗe yana kallonsa. Ya saɓa sheburinsa ya bi ta cikin albasar, ruwa na kama masa ƙafa, ya tafi gida.

Kwana biyar bayan haka wari ya fara tashi daga gonar ƙasa. Wanda ya taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa ya san ba a kwatanta shi. Lukmanu na tsaye yana toshe hanci sai ga Baballe, wani dattijo mai gona a tsallaken kanal, wanda ya yi jinya bai fito ba sai ranar. Ya ji labari a masallaci, ya zo ya gani da idonsa.

Bai yi sallama da fara'a ba. Ya kama hannun Lukmanu ya ja shi tsakiyar tumatirin, ya sunkuya da ƙyar ya ɗaga ganye.

"Mene ne wannan?"

"Laka ce, Baba."

"A ina ta tsaya?"

Lukmanu ya duba. A jikin kowane tushe akwai busasshen shatin laka, daidai gwiwa, layi ɗaya tun daga bakin kanal har ƙarshen gona.

"Nan ruwa ya kai a gonarka," in ji Baballe. "Da ya kwana, da yau kai ne mai toshe hanci a kan naka. Kai da aka haifa a bakin kanal, sai an karanta maka wannan? Wane mahaukaci ne zai rama gayya ta hanyar juye ruwa a kan albasarsa da ta kai cira?"

Lukmanu ya zauna a kan kunyar tumatir. Sai a lokacin ya tuna. Ya buɗe wayar, ya cire toshewar, ya zuba wa allon ido yana jiran saƙonnin su shigo. Ba abin da ya shigo. Saƙon da aka turo maka lokacin da ka toshe mutum ba ya dawowa. Abin da Abdulsamad ya faɗa yana tsaye cikin ruwa, Lukmanu ba zai taɓa jin sa ba.

Ya hau babur ya nufi gidan su Abdulsamad. Zuliha, matar Abdulsamad, ta yi masa magana daga bayan ƙofa, ba ta ko ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure ba.

"Ba ya nan. Kawu ya karɓe gonar shekaranjiya, ya ce wanda zai nutsar da amfaninsa da hannunsa bai san darajar ƙasa ba. Jiya ya bi motar tumatir zuwa Kudu, dako zai yi."

"Wayarsa fa? Na kira a kashe."

"Ya sayar. Ya ce ba shi da sauran wanda zai kira."

Lukmanu ya je wajen kawun ya yi rantsuwa, ya yi bayani. Kawun ya ce ya ji, amma ya riga ya ba wani, an ma yi huɗa. Ya koma guruf ya rubuta doguwar neman afuwa. Mutum biyu suka ce Allah ya kyauta, na uku ya tambaya ko yau za a shiga kogon dodo. Hoton nan kuwa ya riga ya zaga ƙauyuka uku, har yara na kiran ɗan Abdulsamad da ɗan Mai Makulli.

Da ƙyar, bayan wata guda, ya samu lambar wani direban motar tumatir da ke zuwa Kudu. Aka miƙa wa Abdulsamad wayar a cikin hayaniyar kasuwa.

"Abdul, ni ne. Na ga shatin lakar. Don girman Allah ka yafe min."

Abdulsamad ya amsa masa.

"Na yafe tun ranar. Tumatirin ya yi?"

"Ya yi. Ka dawo mu raba, ka dawo mu noma tawa tare."

"A'a. Allah ya sa albarka. Ana jira na da kwando, Lukmanu. Kar ka ƙara wahalar da direban nan."

Ya kashe.

Tumatirin ya yi kyau a shekarar, kyan da bai taɓa yi ba. Kowane kwando aka ɗora a mota, Lukmanu sai ya tsaya yana tunanin wataƙila kan Abdulsamad ne zai sauke shi a can.

Ana cikin tsinka ta ƙarshe masu gem suka fito da sabon babi. Aka buɗe asirin Mai Makulli. Maci amana ne, maƙiya ne suka saye shi. Shatin ruwan da ke jikin bango ado ne kawai na masu zane. Lukmanu ne ya yi daidai tun farko.

Guruf ya kaure. "Admin ikon Allah!" "Farfesa!" "Ina mai albasa, a kira shi ya zo ya ji!"

Saƙon ya same shi a zaune a kan jingar da aka gyara. A gonar ƙasa wani baƙon mutum ne ke dashen barkono, ko sunansa bai sani ba. Lukmanu ya karanta yabon har ƙarshe, ya kifa wayar a kan ƙasa, ya sa kai cikin gwiwa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Mutumin ya ɗago ya dube shi, ya ce sannu, ya ci gaba da dashensa.

Darasi: Za ka iya cin gardama ka rasa mutum, kuma nasarar ba za ta zauna kusa da kai ranar da ruwa ya shigo gonarka ba. Kada ka wulaƙanta wanda ka fi karatu, kada ka toshe layin masoyinka a kan abin da bai kai ya kawo ba, domin ba kowane saƙo ne ke dawowa ba. Idan akwai wanda ka toshe saboda musu, buɗe shi yau tun yana nan. Ku tura wa 'yan guruf ɗinku, wataƙila wani ya sauko kafin lokaci ya ƙure masa.