Kunkuru da Aduwar Uwarsa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku buɗe baki ku amsa, ba na son gunaguni.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Kunkuru ya farka daga dogon barcin rani, ya nufi aduwar da uwarsa ta raine shi a gindinta. Sai ya tarar mutane sun kewaye dajin da waya, sun jera gilasan sola masu shan rana su ba da wuta.

Dila ya ce, "Baba, ka haƙura ka koma. Birni na son haske."

Kunkuru ya ce, "Ni aduwata nake so, ɗan nema."

Kullum yana bin gefen waya har ƙafafunsa suka tsage. Masu binciken namun daji suka ga sawunsa, suka buɗe masa kafa a ƙasa. Ya shiga, ya iske kututture kawai.

Zomo na kwance ƙarƙashin gilashi, ya ce, "Kaka, zo ka huta. Wannan inuwar ta fi ta da sanyi."

Kunkuru ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaro, wane wata wannan inuwar take zubar da 'ya'ya?"

Zomo kuwa bai taɓa ɗanɗana aduwa ba.

Ƙurunƙus kan kusu. Wanda ya yi dariya, ya zo nan in ga kunnensa.