Lagireton Malam Jatau

An yi wani mutum a wani gari, tun mota ba ta yi yawa ba, ana ce masa Malam Jatau mai walda. Bawan Allah ne mai son sanin dalilin komai. Ku saurara, jama'a.

Wani direba, Nomau, injin motarsa ya mutu, ya samo na babbar mota ya dasa mata. Ƙarfi kam ta samu. Amma da ta fara hawan dutse sai ruwa ya tafasa, ta tsaya tana huci, ga fasinja, ga rana. Lagireton da ke sanyaya injin ya yi kaɗan, babba kuma ya ƙi shiga.

Nomau ya kawo motar wurin Jatau. Jatau ya tsuguna yana kallo. "Ikon Allah! To zafin nan, ta ina yake son fita?"

Ya yanka bututun tagulla, ya lanƙwasa, ya haɗa wani lagireton. Ruwa ya tafasa. Ya ƙara bututu, ya sake tafasa. Maƙwabcinsa Ilu bakanike yana ta dariya: "Malam, shayi kake dafa mana?"

Jatau ya tada injin. Ya kunna tsumma, ya bi hayaƙin da ido, sai ya ga iskar fankar injin ta gefe take zillewa, ba ta ratsa lagireton. Ashe nan matsalar take! Ya ƙera rumfar kwano ta tattaro iskar. Nomau ya haye dutsen nan lafiya lau.

Direbobi suka yo caa wurin Jatau. Rannan sai ga Ilu, shi ma an kawo masa irin aikin, yana raɓe-raɓe yana leƙe. In ku ne, me za ku yi?

Jatau ya ce, "Ƙaraso, Ilu, daga nan ba za ka gani ba." Ya nuna masa komai, har inda shi ya yi kuskure.

Nomau ya ja shi gefe. "Haba Malam, abincinka fa ka miƙa masa!"

"Nomau, motar da zai gyara mutane za ta ɗauka. In ta tsaya da mai naƙuda a daji, ni da na ɓoye, me zan ce wa Allah?"

Ba zan ɓoye muku ba, aikin Jatau ya ragu. Amma bai taɓa kwana da yunwa ba, motocin garin kuma suka daina tsayawa da mutane a hanya.

Jama'a, sanin da Allah ya buɗe maka amana ce, ba kai kaɗai aka ba wa ba. Kai tela, ke mai tuya, kai manomi, wa ya leƙo wurinka ka juya masa baya? Gobe ka kira shi ka nuna masa. Allah ya ba mu iko.