Sunan da Ya Ƙi Fita Daga Bakin Iya

Masu ba da labari sun ce a wani gari da ke gindin dutse an yi wani sarki mai suna Ɗalhatu. Shi ne ɗan fari a wurin uwarsa, wadda duk gari ke kira Iya. Saboda kunyar ɗan fari, Iya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama hira da shi ba. Kakarsa ce ta rene shi. Iyakar abin da ya samu a wurinta yana yaro shi ne in ya gifta ƙofar ɗakinta ba kowa, ta kau da kai ta turo masa ƙwaryar jiƙaƙƙen ƙanzo da bayan hannu. Ya girma yana cewa a ransa in ta tsufa kunya ta ragu, za ta kira shi ko sau ɗaya.

Tsufan ya zo, amma ya taho da mantuwa. In Sarki ya shiga gaishe ta da safe, sai ta washe baki ta ce, "Maraba da baƙo! Daga wane gari?" Ga hirar da ya daɗe yana bege ta samu, sai dai da baƙo ake yin ta. Abin ya ci masa rai har ya daina shiga. Daga baya ya sa a shirya a kai ta garin ƙanwarta, ta ƙarasa kwanakinta a can.

Ana gobe tafiya, da la'asar, yana zaune shi kaɗai a bayan gida, sai shamuwar da ke yin sheƙa kowace damina a kan tsamiyar sashen Iya ta sauko gabansa. Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na ga ana ɗaure kaya. Maƙwabciyata za a raba ni da ita?"

Sarki ya ce, "Ba ta san ni ba. Ni kuwa ba zan iya zama uwata tana tambayata garinmu ba."

Shamuwa ta ce, "Irin wannan ne ya sa Bagudu marini kuka da furfurarsa."

Sarki ya ce, "Me ya sami Bagudu?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce:

Bagudu tsohon marini ne da ya daɗe da barin karofi. Wata ranar kasuwa ya hango wani dattijo cikin fatake yana sayen igiya, sai ya ji daɗi ya rufe shi, har ya fara murmushi shi kaɗai. Fuskar nan ya san ta sarai. Amma a ina? A gidan biki, ko a hanyar fatauci? Ya lalubi kansa bai sami komai ba. Ya yi ta bin mutumin daga 'yan gishiri zuwa 'yan tukwane, yana tsoron ya yi sallama a ce masa, "Ka gane ni kuwa?" ya rasa amsa. Da ƙafa ta gaji, ya zauna wurin Tabawa mai fura ya kwashe duka ya gaya mata.

Tabawa ta ce, "Baba, ai kai da jakin mai itace tafiyarku ɗaya."

Bagudu ya ce, "Yau kuma da jaki za a haɗa ni? To, ina jin ki."

Tabawa ta ce:

Wani mai itace ya sayi tsohon jaki a hannun magada. Jaki mai ladabi, sai aibi ɗaya. Kullum in sun iso wani fili a bakin gari, inda babu komai sai tudun ƙasa da tumfafiya, sai ya tsaya cak, ya juya kai gabas, ya miƙe kunnuwa. A ja shi, a doke shi, ba ya motsi sai ya gama tsayuwarsa. Wata rana wata tsohuwa ta tarar ana jibgarsa, ta ce, "Haba ɗan nan, sauke sandarka. Nan ne gidan ubangidansa na farko. Ta wannan gefen matar gidan takan fito masa da dusa. Gida ya rushe, matar ta daɗe a ƙasa. Shi kansa da zai yi magana, ba zai iya gaya maka abin da yake jira ba."

Tabawa ta ce, "Ka gani, Baba, kan jaki ya saki gidan, ƙafarsa ta riƙe. Kai ma zuciyarka ta riga kanka gane mutumin nan. Tashi ka gaishe shi, suna ya biyo baya."

Bagudu ya ce, "Jaki ba ya jin kunya, ni ina ji. Bari dai in tuna tukuna."

Yana nan yana tunani kasuwa ta watse, fatake suka ɗaura kaya suka tafi. Sai bayan an kwana biyu, ya bi ta karofi, warin baban rini ya bugi hancinsa, sunan ya faɗo masa: Nomau! Abokinsa ne da suka koyi rini a rami ɗaya, suka ci tuwo a akushi ɗaya. Bai taɓa ganinsa a wani wuri ban da karofi ba, balle da hannu fari ba shuni, shi ya sa ya kasa tuna inda ya san shi. Ya zauna a bakin ramin yana ta kiran sunan yana hawaye. Fataken nan ba su sake biyowa ta garin ba.

Shamuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ba ya share mutum daga zuciya. Zaren da ya ɗaure fuska da suna da inda aka san mutum, shi yake fara ci. Wanda ya tsaya jiran suna, mutumin yake rasawa."

Sarki ya ce, "Bagudu ai ya ji wani abu a ransa. Iya ba ta jin komai in ta gan ni."

Shamuwa ta ce, "Ni ce a kan tsamiyarta, ba kai ba. Yini take yi tana kiran sunaye, na masu rai da na matattu, har da na akuyar da aka yanka tun kana rarrafe. Suna ɗaya ne tak ban taɓa ji a bakinta ba. Je ka faɗa mata naka, ka ce ta maimaita."

Sarki ya tashi ya shiga. Ya tarar da Iya a kan tabarma, ga ƙwaryar ƙanzo a gefenta. Ta ce, "Maraba da baƙo! Yaya sunanka?"

Ya durƙusa ya ce, "Ɗalhatu, Iya. Ki faɗa in ji."

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tsaya. A hankali ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta kau da kai wajen bango. Ta ce, "Ka yi haƙuri, baƙo. Sunan nan ya fi ƙarfin bakina, ban kuwa san dalili ba." Can sai ta miƙa hannu, ba ta dube shi ba, ta turo masa ƙwaryar da bayan hannu.

Sarki ya ci ƙanzon nan hawaye na zuba a cikinsa. Da ya fito ya ce a kwance kaya, Iya ba ta zuwa ko'ina. Ya ɗaga kai wajen tsamiya ya ce, "Na ji, na kuma karɓa."

Daga ranar, kowace safiya baƙo yakan zo gaishe da Iya. Ta tambayi sunansa, ya faɗa, ta kau da kai. Shi kuwa abin da yake zuwa nema ke nan.